Tambayoyinku: Manyan Bindigogin Sojan Ƙasa Masu Huda Ƙarfe

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka tsaya: doguwar bindigar nan mai ƙafafu biyu da ake ganin soja ya kwanta a bayanta a hotunan fagen daga. A gari irin Kaduna, inda makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da hedikwatar Runduna ta Ɗaya da masana'antar ƙera makamai ta DICON suke, ga kuma Jaji a kan hanyar Zariya, ba a rasa masu son sanin irin wannan. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Na ga hoton wata doguwar bindiga, bakinta da wani faffaɗan ƙarfe mai siffar kan kibiya. Me ya bambanta ta da AK-47 ban da girma? (Ɗalibi daga Tudun Wada)

Amsa: Ɗan'uwa, daga harsashi bambancin ya faro, bindigar bin sa kawai ta yi. Harsashin AK-47 faɗinsa milimita 7.62 ne, kan da ke fita nauyinsa wajen giram 8, yana barin baki da gudun mita 715 a sakan guda. Na wadda ka gani faɗinsa milimita 12.7, rabin inci ke nan, kansa ya kai giram 42, gudunsa kuma wajen mita 850 a sakan. In aka lissafa ƙarfin bugunsu da ma'aunin jul, na AK yana wajen 2,000, wannan kuwa ya kai 15,000. Harsashi ɗaya da kwansonsa tsawonsa ya kusa santimita 14, guda goma sun haura kilo ɗaya.

Yadda ka kwatanta bakin, Barrett M82 ce ka gani. Wani Ba'amurke mai sana'ar ɗaukar hoto a jihar Tennessee, Ronnie Barrett, shi ya ƙera ta a 1982. Nauyinta wajen kilo 14, tsawonta mita 1.45, gidan harsashinta na ɗaukar goma. AK ba ta wuce kilo 4 da ɗan wani abu, soja na gudu da ita, ya harba a tsaye ko a durƙushe, amfaninta kuma ya ƙare a mita 300 zuwa 400. Wannan sai an kwanta mata, amma tana aiki har mita 1,800. Akwai waɗanda suka fi ta: masu cin harsashin Rasha na milimita 14.5, wanda ƙarfinsa ya kai ninki biyu na 12.7, da masu cin milimita 20.

Tambaya: A zamanin da muka yi aiki, bindigar FN muka riƙe, ba mu san wannan a hannun sojan ƙasa ba. Sabuwar ƙira ce? (Tsohon soja daga Kawo)

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ta girmi FN ɗin da kuka riƙe nesa ba kusa ba, ɓacewa ta yi na wasu shekaru ta dawo.

Tankar yaƙi ce ta haife ta. A watan Satumba na 1916 Ingila ta fara shigo da tankoki fagen daga a Somme da ke Faransa, sojan Jamus ya ga harsashinsa na tsalle daga jikin ƙarfe. A 1918 kamfanin Mauser ya fito da amsa: bindigar sojan yau da kullum aka kumbura, aka ba ta harsashin milimita 13.2, ɗaya-ɗaya ake saka mata. An ƙera kusan 15,800. Tana huda sulke mai kaurin milimita 20 da 'yan kai a tazarar mita 100, kuma sulken yawancin tankokin lokacin bai kai haka ba. Sai dai ba a yi mata komai na rage bugun baya ba, har takan karya wa mai harbi ƙashin wuya.

Tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu kowa ya yi tasa. Ingila ta fito da Boys a 1937, mai nauyin kilo 16. Finland ta yi Lahti L-39 mai harsashin milimita 20, nauyinta ya kusa kilo 50, sojojinta suka yi mata laƙabi da bindigar giwa. Waɗanda suka fi yin aiki su ne na Tarayyar Sobiyat na 1941: PTRD mai harsashi ɗaya, tsawonta mita 2, da PTRS mai ɗaukar biyar. Da harsashi mai zuciyar ƙarfen tangastin suna huda milimita 40 a mita 100. Sun dami Jamusawa har a 1943 aka riƙa rataya wa tankoki faifan ƙarfe a gefe don kare su.

Amma tseren ba na cin nasara ba ne. Mai ƙera tanka zai iya ƙara kaurin sulke duk shekara, mai ƙera bindiga kuwa kafaɗar ɗan Adam ce iyakarsa. Kafin yaƙin ya ƙare makaman roka irin su bazuka sun karɓe aikin, shi ya sa a zamaninku ba ku gan ta ba. Dawowarta sai a ƙarshen shekarun 1980: Sweden ta sayi Barrett wajen 100 a 1989, sojojin Amurka suka saya a 1990 suka tafi da ita yaƙin Tekun Fasha. A wannan karon ba don tanka aka ɗauko ta ba.

Tambaya: Ni aikin ƙarfe nake yi. Abin da na kasa ganewa shi ne yadda mutum zai harba abu mai wannan ƙarfi kafaɗarsa ba ta goce ba. (Maƙeri daga Panteka)

Amsa: Malam, tambayarka ita ce zuciyar maganar, domin kusan duk abin da ka gani a jikin wannan bindiga an sa shi ne don biyan bashin harsashinta.

Fara da lissafi. Kan harsashi mai giram 42 ya fita gaba da gudun mita 850, ga albarushi wajen giram 15 da ya zama iskar wuta ya bi bayansa da gudun da ya fi haka. Duk abin da ya tafi gaba, daidai da shi zai dawo baya. In babu wata dabara, bindiga mai kilo 14 za ta doki kafaɗa da gudun wajen mita 4 a sakan, bugun da ya ninka na AK fiye da sau goma. Ta hanyoyi huɗu ake cinye shi.

Na farko nauyi. Mutane na ɗauka gazawar maƙera ce ta sa bindigar ta yi nauyi, alhali da gangan ne. In ka rage nauyin da rabi, ƙarfin bugun ninkawa zai yi.

Na biyu, kuma mafi girma, shi ne faffaɗan ƙarfen bakin nan da ɗalibin Tudun Wada ya ambata, wato birkin baki. Ɗakuna ne a cikinsa masu tagogi a gefe. Harsashi ya wuce ta tsakiya, iskar wutar da ke bayansa sai ta bugi bangon ɗakunan, ta karkata gefe da ɗan baya. Wannan bugun yana jan bindigar gaba a daidai lokacin da take son komawa baya. Birki mai kyau yana kwashe fiye da rabin bugun. Kuɗinsa kuwa a kunne da ƙirji ake biya: ƙarar da ya kamata ta tafi gaba sai ta dawo kan mai harbi, musamman abokin aikinsa da ke kwance a gefe. Ƙarar da ta haura 140 a ma'aunin ƙara na dasibel tana iya lalata ji a bugu ɗaya, wannan kuwa ta wuce nan da nisa, shi ya sa ake haɗa toshiyar kunne da marufin kunne a tare. Ma'aikatar tsaron Amurka ma a 2024 ta fitar da umarni kan taƙaita yawan girgizar fashewa da soja ke sha a wajen atisaye, kuma makamai masu harsashin 12.7 na cikin waɗanda abin ya shafa. Ga kuma ƙura: a busasshiyar ƙasa harbi ɗaya na tayar da turnuƙun da ke rufe wa mai harbi gani, ya kuma nuna wa abokin gaba inda yake.

Na uku, a Barrett bututun kansa ba a kafe yake ba. Idan an harba, shi da makullin baya, wato ƙarfen da ke toshe gindin bututu, suna ja da baya tare wajen milimita 25 a kan sifirin, sannan bututun ya tsaya, makullin ya ci gaba, ya fitar da kwanso ya ɗauko sabon harsashi. Wannan ba ya rage jimillar bugun, shimfiɗa shi yake yi a kan lokaci, sai ya zama turi maimakon naushi. NTW-20 ta Afirka ta Kudu ta wuce nan: an sa mata abin shanye girgiza mai aiki da mai, irin shokozobar mota, domin harsashinta na milimita 20 ne. Nauyinta daga kilo 26 zuwa sama, ana raba ta gida biyu mutum biyu su goya, kuma ana iya sauya mata bututu ta koma cin 14.5.

Na huɗu shi ne roba mai kauri a gindi da ƙafafun gaba, da kuma yadda aka jera bututu da gindi a layi ɗaya don kada bakin ya yi tsalle sama.

Tsawon bututun ma dalili ne ya kawo shi. Albarushin babban harsashi a hankali yake ci, yana bukatar hanya mai tsawo kafin ya gama tura kan. Na M82 santimita 74 ne, da zane a ciki mai juya harsashi sau ɗaya a kowane inci 15. Ka gajarta shi, albarushin a waje zai ƙare ƙonewa, ka yi asarar gudu ka ƙara walƙiya.

Tunda kai mai ƙarfe ne, ga adadin da ya kamata ya tsaya maka: matsin da ke cikin ɗakin harsashi lokacin harbi yana kai wa wajen 55,000 a ma'aunin da mai faci ke auna taya da shi, inda tayar ƙaramar mota ke shan 32 zuwa 35. Ƙarfe na musamman da aka gasa aka gwada ne kaɗai ke jure wannan. Bututun da bai kai ba ba ya lanƙwashewa ya yi gargaɗi, tarwatsewa yake yi a fuskar wanda ya ja kunama.

Tambaya: Shin tana iya fasa tankar yaƙi ta zamani? In ba ta iyawa, mene ne amfaninta? (Malamar makaranta daga Barnawa)

Amsa: Malama, ba ta iyawa. Harsashin 12.7 mai huda sulke yana ratsa ƙarfe mai kaurin wajen milimita 19 a tazarar mita 500, gaban tankar zamani kuwa kariyarsa daidai take da ɗaruruwan milimita. Ko motocin sulke na ɗaukar sojoji, da yawa an ƙera su ne su jure har harsashin 14.5.

Amfaninta yana wajen abin da yake da tsada amma ba shi da sulke, kuma yaƙin zamani cike yake da irin wannan: na'urar rada, kayan sadarwa, jirgin sama da ke ajiye a ƙasa, injin mota, makami mai linzami da ke kan abin harba shi. Sojoji biyu da harsashi kaɗan za su iya tsayar da kayan miliyoyin daloli ba tare da an kira jirgin yaƙi ko igwa ba, kuma ba tare da an rushe unguwa ba. Masu gadin gaɓar tekun Amurka suna amfani da ita daga jirgi mai saukar ungulu su kashe injin kwale-kwalen masu safarar ƙwaya, mutanen ciki kuma a kama su da rai.

Aikin da ba a cika nunawa a hoto ba, a ganinmu kuma shi ya fi daraja, shi ne na masu kwance bam. In an ga bam da bai tashi ba ko nakiya a fili, maimakon a tura mutum ya durƙusa a kanta, sai a harbe ta daga nesa ta watse ko ta tashi ba kowa kusa. Haka nan a shingen bincike, tana iya tsayar da motar da ta ƙi tsayawa tun tana nesa.

Ba kowane soja ake ba ita ba. Ƙalilan ne a bataliya, a hannun mutum biyu ko uku da aka horar. Rundunar da ke tafiyar ƙasa cikin daji mai duhu, inda gani bai wuce mita 100 ba, kaya kawai za ta zame mata.

Tambaya: An ce ko harsashinta bai taɓa ka ba, iskarsa kaɗai na iya cire hannu. An kuma ce dokar yaƙi ta hana harbin mutum da ita. (Mai karatu daga Rigasa)

Amsa: Duka biyun ba haka ba ne. Harsashin da ya wuce kusa da kai ƙara za ka ji mai razanarwa, ba ya cire komai. Da iskarsa na da wannan ƙarfi da takardar da ake gwajin harbi a kanta ba za ta tsaya da rami ɗaya tsaf ba. Yarjejeniyoyin Geneva kuma ba su hana amfani da wannan girman harsashi a kan mayaƙa ba. Inda gardama take shi ne harsashi mai fashewa, irin Raufoss Mk 211 na ƙasar Norway, domin Sanarwar St. Petersburg ta 1868 ta hana harsashi mai fashewa da bai kai giram 400 ba a kan mutane.

Tambaya: Gaskiya ne ana samun mutum da ita daga kilomita uku? Me ke sa a kuskure? (Ma'aikacin banki daga Unguwar Rimi)

Amsa: Ya faru, amma ba aikin kullum ba ne. A 2002 wani sojan Kanada, Rob Furlong, ya yi harbin mita 2,430 a Afganistan da McMillan TAC-50. A 2017 wani sojan Kanada ya yi na mita 3,540 a Iraƙi da irin bindigar, harsashin ya yi kusan sakan 10 a iska. Irin wannan, ban da gwaninta, akwai sa'a a ciki.

Ka lura TAC-50 ce ta yi waɗannan, ba Barrett M82 ba. TAC-50 da hannu ake ja mata makulli bayan kowane harbi, bututunta a kafe yake, ba abin da ke motsi. Bututun da ke kai-komo ba ya komawa daidai wurinsa ɗari bisa ɗari, kuma ɗan ƙaramin kuskure a baki yakan zama babba a kilomita biyu. Harsashin ma haka: na yau da kullum don bindiga mai jigida aka yi shi, inda ake son ya ɗan bazu, sai an sami na musamman kafin a yi maganar saiti mai kyau.

Sauran matsalolin na iska ne da yanayi. A mita 1,500 harsashin ya yi fiye da sakan biyu da rabi yana tafiya, ya sauka ƙasa fiye da mita 20 daga layin bututu, iskar gefe mai laushi kuma ta kauce da shi fiye da mita 2. Shi ya sa mutum ɗaya ba ya aikin shi kaɗai: na biyun yana riƙe da na'urar auna nisa da ta auna iska, shi ke faɗin gyara. Bindigar da aka saita a Legas a bakin teku, in aka kawo ta Kaduna mai tsayin wajen mita 600, harsashinta zai ɗan hau sama domin iskar nan ta fi sauƙi. Harsashin da ya sha ranar watan Maris ya fi na sanyin asuba gudu. Da tsakar rana kawalwalniya na sa abin da ake kallo a madubin saiti ya riƙa rawa, a hunturu kuwa akwai ranakun da hazo ke hana ko jirgi sauka, balle a ga abu a kilomita biyu.

Ita kanta bindigar tana da nata laifuffukan. Madubin da ba don ita aka yi shi ba yakan lalace da wuri, domin bugun baya na jan sa baya, birki kuma na fizgar sa gaba, gilasan ciki su saki. Sifirin na gajiya, bugu ya ƙaru, kwanso ya fara maƙalewa. Leɓen gidan harsashi in ya lanƙwashe, harsashi ba ya shiga daidai. Mai da yawa a lokacin ƙura kuwa yana haɗuwa da rairayi ya zama abin goge ƙarfe.

Saboda nauyin nan ne rundunoni da dama suka koma ga harsashin .338 Lapua mai milimita 8.6 idan mutum ake nufi ba na'ura ba. Bindigarsa wajen kilo 7 ce, rabin Barrett, kuma da ita Craig Harrison na sojan Birtaniya ya yi harbin mita 2,475 a 2009.

Tambaya: Ita ce wadda ake kafawa a bayan Hilux, da ake ce wa ta kakkaɓo jirgi? DICON na yin ta? Farar hula zai iya mallaka da lasisi? (Direba daga Kakuri)

Amsa: Harsashinsu kan zama ɗaya, amma su ba ɗaya ba ne. Ta bayan mota bindiga mai jigida ce, irin DShK ta Rasha ta 1938 ko Browning M2 ta Amurka. Ita kaɗai ba tare da mazauninta ba ta haura kilo 30, tana zubar da harsashi wajen 500 zuwa 600 a minti, aikinta ta share fili. Wadda muke magana a kai harsashi ɗaya take aikawa wuri ɗaya. A kula kuma, 12.7 na Rasha kwansonsa milimita 108 ne, na Amurka 99, ɗaya ba ya shiga bindigar ɗaya.

DICON, maƙwabciyarka a Kakuri, an kafa ta a 1964 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma. An san ta da bindigogin sojan yau da kullum: BM59 ta Beretta a farko, sannan samfurin FN, sannan OBJ-006 mai tsarin AK, duk masu harsashin 7.62.

Batun lasisi kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na farauta irin mai baki biyu izininsu na hannun 'yan sanda, na gargajiya da ake ɗurawa ta baki suna da nasu tsarin. Bindigogin soja, masu jigida, roka, gurneti, da duk wadda ba a lissafa ta a waɗancan rukunai biyu ba, haramtattu ne, shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da izininsu. Wannan bindiga a nan ta faɗa. Hukuncin wanda aka kama da irinta ba izini ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne, kuma harsashinta ma, ko guda ɗaya ne aka tsinta aka ajiye don ado, laifi ne riƙe shi. Ofishin 'yan sanda mafi kusa ake kai shi.